Man shanun ruga ko bota na kanti, wane ya dace da mai cimar faliyo?

"Assalamu alaikum Malama. Ina bin tsarin abincin nan na faliyo don in rage ƙiba, na bar tuwo da shinkafa da biredi da man gyaɗa. Duk inda na karanta sai a ce in yi amfani da bota na shanun da ciyawa kaɗai suke ci, na je kanti na ga wani na ƙasar waje kuɗinshi sun ba ni tsoro, ga kuma man shanun Fulani nan Sakkwato amma ana ce min ana haɗa shi da kakide. Don Allah wane zan saya, kuma ya zan gane mai kyau? Daga 'yar'uwarku a Mabera."

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah shi ba da sa'a kan abin da anka sa gaba. In na fahimce ki da kyau abu biyu kike son sani, tsakanin bota na waje mai tsada da man shanunmu na ruga wane ya fi dacewa da wanga tsari da kike bi, sannan in na rugar ne ya za ki kauce ma algus. To abin da kike nema cikin firijin kanti da kuɗi masu yawa shi ne matan Fulani ke shigowa da shi gari cikin ƙwarya da safe, musamman da damina, sai dai namu akwai lokacin sayenshi, akwai wajen wa za ki saya, akwai kuma abin da za ki yi mashi in kin kawo gida. Fannin abinci na karanta, kuma na daɗe ina sayen ɗanyen mai ina soyawa ma gidana da ma mutanen da nike ba shawara, don haka abin da zan gaya miki rabi daga karatu ne rabi daga tukunya.

Shi faliyo ɗin mi ya ce kan man shanu

Asalin tsarin shi ne mutum ya ci irin abin da ake ganin mutanen farko na ci kafin a fara noma da kiwo, wajen shekara 10,000 da sunka wuce, wato nama, kifi, ƙwai, ganye, 'ya'yan itace da saiwoyi. A 1985 wasu masana biyu a Amurka, Boyd Eaton da Melvin Konner, sunka rubuta kan abin a wata mujallar likitoci, sannan a 2002 Loren Cordain ya fitar da littafin da ya yaɗa shi duniya. To a tsantsar tsarin Cordain babu nono, babu duk abin da ya fito daga nono, har da man shanu, tunda mai farauta bai tatsar saniya. Daga baya ne masu bin tsarin da yawa sunka sassauta sunka ce man shanu ya shigo, hujjarsu kusan dukanshi mai ne, sukarin madara da ake kira laktos da furotin ɗinta suna tafiya ne cikin nonon da anka kaɗa, abin da ya rage cikin man kaɗan ne ƙwarai, in anka soya shi kuma kusan babu. Saboda haka in kina son bin tsarin sak, soyayye shi ne ya fi kusa da ƙa'idarsu.

Shi kuma sharaɗin ciyawa da kike ta gani, ki san don wa anka rubuta shi. A Amurka mafi yawan shanun madara a killace suke cikin manyan rumfuna ana zuba masu masara da waken soya da sauran haɗi, wata saniyar da wuya ta taka makiyaya, shi ya sa can in anka ce wagga ciyawa take ci sai ya zama abin talla a ƙara kuɗi. Mu nan shanunmu irin su Bokolo da Bunaji da Rahaji da ƙafarsu suke neman abinci tun safe har yamma, babu mai rubuta masu komi a jikin kwali.

Ni dai a ra'ayina barin gero da wake gaba ɗaya ga mutumin Sakkwato ya yi tsauri kuma ya yi tsada, kuma ban ga laifin da hura marar sukari ta yi ma kowa ba, amma ba shi kinka tambaya ba, mu bar shi nan.

Mi ciyawa ke ƙara ma mai

Ɗanyar ciyawa na ɗauke da karotin, sinadarin nan da ke ba karas launi, jiki kuma ya mai da shi bitamin A. Saniyar da ke cinta sai ya bi cikin man madararta, shi ne rawayar da kike gani. Haka nan man irin wagga saniya ya fi yawan omega-3, wato man nan mai amfani da ake samu cikin kifi, da wani nau'in mai da ake kira CLA, kuma ya fi laushi, bai daskarewa da tauri irin na wadda ke cin hatsi. Wanga duk gaskiya ne an auna an gani. Sai dai masu talla suna kambama shi fiye da kima, omega-3 ɗin da ke cikin cokalin man shanu ko na ciyawa ne ɗan kaɗan ne, in shi kike nema kifin sardin ko titus guda ya fi miki nesa ba kusa ba.

Kuma ciyawa ba ta rage mashi nauyi. Babban cokali ɗaya, wajen giram 14, yana da kalori kusan 100 da giram 7 na kitse mai daskarewa, irin wanda ke ɗaga mugun kolestarol in ya yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wanga kitse ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a rana, ga mai cin kalori 2,000 wajen giram 22 ke nan, kin ga cokali uku sun cinye kason ranar tun ba a lissafa balangu da ƙwai ba, ke kuwa da kinka bar tuwo na san naman ya ƙaru. Tunda rage ƙiba kike nema, cokali ɗaya zuwa biyu a rana ya isa, kuma ki rabu da yayin nan na zuba bota cikin kofi da safe, kalori ne kawai kike sha.

Damina da rani ba ɗaya ba ne

Nan ne maganar take a wajenmu. Daga Yuni zuwa Satumba da ruwa ya zauna, daji ya yi kore, shanu na cin gamba da kyasuwa da harƙiya da ɗanyar ƙarangiya kafin ta yi ƙaya, babu mai sayen dusa don babu buƙata. Nono ya yawaita, mai ya yi araha, launinshi rawaya mai kyau, ƙanshinshi kuma tun daga nesa. Wanga shi ne man ciyawa na haƙiƙa, kuma har zuwa farkon kaka ana samunshi da kyau. Da hunturu ya shigo sai su koma kan kara da karmami da harawa a gonakin da anka girbe, in bazara ta kama kuma sai 'ya'yan gawo, kowar wake, dusa da angurya ga mai halin saye. Busasshiyar ciyawa da ta sha rana karotin ɗinta ya tafi, shi ya sa man rani ke fita fari-fari. Farin bai nufin an yi algus, lokacin ne haka. Abin da ya kamata ki yi ma kallon tsanaki shi ne man da anka kawo miki rawaya shar cikin watan Afrilu, sai dai in shanun fadama suke kiwo, don waɗanda ke bakin gulbin Rima wajen Wurno, Goronyo, Kware da Wamakko suna samun ɗanyen haki da burgu ko da rani, man nasu bai faye yin fari sosai ba.

Dusa da harawa ba guba ba ne, kar ki ɗauka saniyar da anka ba dusa da bazara man nata ya lalace. Ko shanun ƙasar Ayilan da ake ta yabo in sanyi ya yi tsanani rufe su ake a ba su ciyawar da anka adana da ɗan ƙarin hatsi. Waɗanda nike guje ma su ne shanun cikin gari da ke yawo kan bola suna cin leda da ruɓaɓɓen abinci, da waɗanda ake ba dusar da ta yi funfuna.

Akwai kuma lissafin da nike son ki riƙe don shi zai kare ki fiye da kowane gwaji. Kafin a samu kilo 1 na man shanu sai an kaɗa madara wajen lita 20, saniyarmu ta gida kuwa bayan ɗan maraƙi ya sha nashi abin da ake tatsa a rana bai faye wuce lita 1 zuwa 2 ba, da rani ma bai kai haka. To in kinka ga mutum da bazara ya jera robobi cike da "man shanu" yana sayarwa kusan kuɗin man gyaɗa, ki tambayi kanki shanu nawa gare shi. Shi ya sa ni da damina nike sayen mai yawa in soya in ajiye, wanda anka soya da kyau yana kai watanni ba tare da firij ba.

Yadda ake gane algus

Shawarata ki sayi ɗanye ki soya da kanki. A ɗanye algus ya fi wuyar ɓoyewa, a soyayye kuwa da an zuba albasa da citta ƙanshinsu ya rufe komi, kwalbar da rabinta kakide ne ko majarin (botar da ake yi da man tsirrai) ma sai ta yi ta ƙanshi.

Ɗanye mai kyau za ki gan shi curi-curi yana yawo saman nono ko ruwa in mai tallar ta ɗaga faifan, da shatin yatsu ko na ludayi a jikinshi, bai da santsin nan na abin inji. Ki shinshina, akwai ɗan tsamin kindirmo mai daɗi tunda daga nono mai tsami ake kaɗa namu, wani lokaci da ɗan ƙaurin hayaƙi na ƙwarya, waɗannan ba laifi. Abin gudu shi ne wari mai hawa kai irin na tsohon mai ko na sabulu, da ɗigo-ɗigon baƙi ko kore. Sai ki lakaci kaɗan ki sa bayan hannunki, man shanu na narkewa ne wajen digiri 32 zuwa 35, ƙasa da zafin jikin mutum, don haka nan take za ki ga ya fara malala. Kakide sai zafi ya haura 40 yake narkewa, shi ya sa in kinka sa a baki sai ya liƙe miki a ganɗa, ki yi ta jin maiƙo ko kin haɗiye. Wanga gwajin baki shi ne na fi dogaro da shi wajen kitse, ki ɗanɗana ki tofar tunda ɗanye ne.

In kin zo gida ki ɗebi cokali biyu ki sa cikin kofin gilashi ki tsoma cikin ruwan zafi har ya narke, ki bar shi ya natsu. Na gaskiya zai rabu uku, 'yar kumfa a sama, mai garai-garai a tsakiya shi ne mafi yawa, sai ɗan farin ruwan nono a ƙasa. In ruwan ƙasan ya kai kusan rabi to nono da ruwa anka cusa don ya yi nauyi, in kuma kinka ga wani abu mai kauri ya kwanta kamar kamu to akwai gari ko dafaffen dankali ko rogo. Don ki tabbatar, ki ɗiga aidin ɗin nan na wanke ciwo ɗigo ɗaya kan abin da ya kwanta, in akwai sitaci zai koma shuɗi mai duhu ko baƙi, in babu sai ya tsaya da launinshi na ruwan ƙasa yadda yake. Ki zubar da wanda kinka gwada, ba a ci. Majarin ya fi wuyar kamawa, amma in kinka sa a cokali kan wuta man shanu kumfa yake yi a hankali ya yi ƙanshi ya fara ja, majarin kuwa ya fi tartsatsi kuma ƙanshin bai fitowa sosai. In kaɗan anka haɗa to gaskiya gwajin gida bai kama shi, sai ɗakin gwaje-gwaje.

Haka nan akwai abin da ido da hanci ba su gani ko kaɗan, ragowar allurar da anka yi ma saniya ko maganin kaska da anka fesa mata. Ƙa'ida in an yi ma saniya allurar kashe ƙwayoyin cuta ana barin nononta na wasu kwanaki ba a sha, kuma ba kowa ke kiyayewa ba. Maganin wanga ɗaya ne, ki samu mace guda da kinka sani kina saye wajenta kullum, ki san rugarsu, ki riƙa tambaya cikin raha, Inna ina shanun ke kiwo yanzu, an yi masu allura kwanan nan? Wadda ta san gobe ma za ki dawo, kuma ba ki matse ta a ciniki har ta rasa riba, da wuya ta cuce ki. Ni in na samu irin wagga ko ta ɗan fi kasuwa tsada ba ni canzawa, kuma nikan ba ta kwalba ko roba mai murfi tawa wankakka ta zubo min ciki. In kina da mai zuwa kasuwannin ƙauye irin su Achida, Illela ko Tangaza ya fi sauƙin samun na hannun farko bisa ga wanda ya bi hannu uku kafin ya iso gari.

In dole sai soyayye za ki saya, ki duba shi da safe lokacin da ya ɗan daskare, na gaskiya yakan yi tsaki-tsaki, in kinka murza a yatsa ya narke bai bar komi ba. Wanda ya daskare sumul da tauri fari fat kitse ya yi yawa, wanda kuma ko cikin sanyin hunturu ya ƙi daskarewa to akwai man gyaɗa ko na jarka ciki.

Soyawa

Kar ki ci ɗanye, ko da kin ga masu faliyo na waje suna yabon ɗanyen nono. Madarar ruga ba kullum ake dafa ta ba, kuma akwai bakkale, ciwon nan da ke sa shanu ɓari, da tarin fuka na shanu da ke kama mutum ta hanyar nono, mai ciki da ƙananan yara sun fi shiga haɗari. Wuta na kashe su.

Ki fara wanke man da ruwan sanyi mai tsabta kina matsawa da ludayi kina zubarwa har ruwan ya daina fita fari, wanga ragowar nonon shi ke sa mai saurin wari. Ki zuba cikin tukunya mai kauri, wuta kaɗan, kar ki rufe. Zai narke ya yi kumfa ya fara ƙara ta tafasa, ruwa ne ke fita, ki bar shi kina ɗan motsawa. In ƙarar ta lafa, kumfar ta kwanta, kinka hango ƙasan tukunya ta cikin man, gutsattsarin da ke ƙasa sunka yi ja-ja, to ya yi, ki sauke nan take don tsakanin ja da ƙonewa minti ɗaya ne. Wasu kan barbaɗa garin gero ko na dawa don ya kwantar da dattin, ke da ba ki cin hatsi sai ki bar shi, tacewa da farin ƙyalle mai tsabta ya wadatar. Albasa in kina so ki sa, amma ki bari ta soyu ƙarau ki tsame, in ta rage da ruwa a jikinta ita za ta ɓata miki kwalbar. Kar ki yi mamaki in ya ragu, ko bota na kamfani kusan kashi ɗaya cikin biyar yake raguwa in an soya, namu da ya fi ruwa ya fi haka.

Ki zuba cikin kwalbar gilashi busasshiya ƙarau, ki rufe, ki sa inda rana ba ta bugu, kuma kar a sa jiƙaƙƙen cokali ciki. Wani amfanin soyayyen shi ne yana jure wuta har wajen digiri 250 kafin ya fara hayaƙi, ɗanye kuwa tun wajen 175 yake ƙonewa, don haka kina iya soya ƙwai da nama da kifi da shi, ki zuba kan dafaffen dankali ko kabewa ko zogale. Tunda gyaɗa ma ba ta cikin tsarinku, ki riƙa canzawa da manja da man zaitun, kar ya zama shi kaɗai ne man gidan.

In kin fi son na kanti

Ba haramun ba ne, kuma yana da abin da ya fi namu, an dafa madarar kafin a yi shi, kuma abin da ke rubuce shi ne ke ciki in kamfanin kirki ne. Ki juya kwalin ki karanta abubuwan da anka haɗa, bota na gaskiya kirim ne kawai ko kirim da gishiri, kuma mai a cikinshi bai gaza kashi 80 cikin 100 ba. Duk wanda kinka ga an lissafa man kwakwar manja ko na waken soya to majarin ne ko haɗi, irin su Blue Band da muke shafa ma biredi muna ce ma bota daga man tsirrai ake yinsu, ba su cikin wagga magana. Kerrygold na Ayilan da Anchor na Niyu Zilan su ne anka fi sani da shanun makiyaya, don ƙasashen biyu na da ruwan sama da ciyawa mafi yawan shekara. Kar ki dogara da launi kaɗai a na kanti, wasu kamfanoni na sa kala, kuma akwai jinsin shanu irin Jersey da mansu ya fi rawaya ko mi sunka ci.

Babbar matsalar na kanti a Sakkwato hanya ce da wuta. Abu ya taso daga Legas cikin mota ya iso garin da zafi ke haura digiri 40 da bazara, ga NEPA yadda kinka sani, sau da yawa ya narke ya sake daskarewa kafin ya zo hannunki. Ki duba takardar, in ta jiƙe da mai, ko sandar botar ta lanƙwashe ta canza siffa, ko bayanta ya fi cikinta rawaya sosai, ki aje masu abinsu. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In za ki soya shi ki ɗauki marar gishiri.

Abin da ba zan iya yi miki daga nan ba shi ne in ce nawa jikinki zai ɗauka, don ban ga sakamakon jininki ba. In kina da hawan jini ko ciwon suga, ko akwai ciwon zuciya a danginku, ki je a auna miki kolestarol yanzu, ki sake aunawa bayan wata uku kina wanga tsari ki kai ma likitanki ya duba, akwai mutanen da nasu ke tashi sosai in sunka ƙara nama da man shanu ko da ƙibar na raguwa. In kuma madara na sa miki ƙuraje ko kumburin baki ko sarƙewar numfashi, wanda daban yake da kumburin ciki da gudawa na masu rashin jure laktos, to ko soyayyen ki bar shi sai likita ya ce ki ci.